Na Ɗaure Ƙanena a Turke

Bashir da Zulai, wannan babin naku ne. Sauran 'ya'yana za su iya karantawa, amma ku biyu nake kallo ina rubutu. Kun tashi a gidana kuna ce mini Baba, kun kuma tashi kuna jin ana rage murya duk lokacin da aka zo kan sunan mahaifinku. Ba ku taɓa tambayata ba, ni kuma na ji daɗin rashin tambayar. Yanzu idona ya fara hazo, likita ya hana ni naman da na yi shekara hamsin ina ci da shi, don haka gara in faɗa da bakina kafin a tambaye ni a inda ba a kwana-kwana. Mahaifinku Isyaku bai mutu da cutar ƙanjamau ba. Bai taɓa ɗaukarta ba. Abin da ya kashe shi yana cikin shafukan nan, kuma ni ne a tsakiyarsa.

Isyaku ƙanena ne ciki ɗaya, na ba shi shekara goma sha ɗaya. A Inugu aka haife mu duka. Lokacin da gari ya rikice kafin yaƙin basasa muka gudu Arewa, a bayana ya yi tafiyar daga gida zuwa tasha, yana ta tambayata wa zai ba akuyarsa ruwa. Da yaƙi ya ƙare Babanmu ya ce shi zaman Kano ya gagare shi, can baƙo ne, a nan aka san shi. Muka dawo Ogui, unguwarmu a Inugu, muka tarar wani maƙwabcinmu Ibo ya riƙe mana gida, har da tabarmar sallar Baba a naɗe a inda ya bar ta. Ba a daɗe ba arzikin mai ya buɗe, kowa ya ga ya isa ya yanka sa a bikinsa da ranar binne tsohonsa, mu kuwa shanu ne sana'armu. Na bi Baba kara, wato kasuwar shanu, na zauna daram. Isyaku ya je sau biyu ya dawo yana toshe hanci. Ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana leƙa bakin saniya ba, ya tafi ya koyi ɗinki. Na daɗe ina tsokanarsa da cewa duk zuriyarmu shi kaɗai ne allura ta fi ƙarfin igiya a hannunsa. Shagonsa na bakin titi a Ogui ba ya rabuwa da mutane, musamman matan Ibo, don yarensu a bakinsa kamar ruwa, kuma yana da dariyar da ake jiyowa daga tsallaken titi. Yakan je Anacha da Fatakwal saro yadi, ya kwana biyu ko uku ya dawo. Ku riƙe wannan, don daga baya duk an lissafa masa shi a cikin laifi.

Kafin in ci gaba sai na gaya muku wata dabara ta kara, don in ba ku san ta ba ba za ku gane wautata ba. Shanu suna shan wahalar tirela daga Arewa, wasu su iso da ciwo a jiki. Mai wayo sai ya sa a danna wa mara lafiyar allura da sassafe, kafin rana ta ɗaga ta miƙe tana cin ciyawa, ido tar, kamar ba ita ba. Ka saya, bayan kwana uku ta zube maka. Baba ya koya mini cewa duk saniyar da zuciyata ba ta kwanta da ita ba, kada in tsaya gardama da mai ita. In ce a ɗaure ta a turkena kwana bakwai, ciyawa da ruwa kawai, ba mai matso ta da allura. In lafiyar gaske ce za ta tsaya, in ta allura ce za ta tona kanta. Da wannan na yi suna har aka laƙaba mini Alhaji Mai Turke. Daga Anacha ake aiko mini in zo in duba dabba. Ina tafiya ina jin kaina, ina ganin babu mai rai da zai ɓoye mini ciwo.

Wajen shekara talatin da dawowarmu Isyaku ya fara ciwon ciki. Zawo ne ba dare ba rana, daga baya har da jini. Aka ce basir ne, aka sha saƙe-saƙi, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Mutumin da ke cika ƙofa in ya shigo ya koma sai ya ƙara wa wandonsa ƙulli. Bayan an gaji ne wata mai kawo masa ɗinki ta haɗa shi da wata likita a wani asibiti wajen unguwar Uwani, 'yar ƙaramar mata mai ƙaton tabarau, wadda ba ta iya rage magana ba. Ta sa aka leƙa hanjinsa da na'ura, ta ce gyambo ne ya cika shi. Ta ce ba wata ƙwayar cuta ba ce ta shiga daga waje, garkuwar jikinsa ce ta rikice take yaƙar hanjinsa, don haka maganin shi ne a kwantar da garkuwar. Ta ba shi ƙwayoyi iri biyu, ta ce kullum, kuma ko da wasa kada ya tsayar da su sai da saninta. Cikin wata biyu zawo ya tsaya, ya koma cin tuwo malmala biyu, kumatunsa suka cika har suka yi sheƙi. Rakiya mahaifiyarku ta yi sadakar waina. Ni kuwa da na dubi kumatun nan, Allah Ya yafe mini, abin da ya zo mini shi ne saniyar da aka yi wa allura da sassafe.

Ku ba ku san yadda shekarun nan suke ba. Ƙanjamau ta shigo, rediyo ba ta da zance sai nata, kuma maganinta bai zo hannun irinmu ba tukuna. Mun binne direbobin tirela da na sani tun suna yaran mota, duk da alama ɗaya: rama da zawo. Unguwar Hausawa kuwa ƙarama ce, muna zaune a tsakiyar mutanen da ba namu ba, kowa ya san abin da aka dafa a gidan kowa. Ba wanda ya ce wa Isyaku komai a fuska. Sai dai ɗinkin Hausawa ya ragu. A masallaci wanda ke kusa da shi ya riƙa barin 'yar tazara. In an sa tire a wajen suna, sai ka ga gefen da ya sa hannu ya rage ba a taɓa ba. Aka tuno tafiye-tafiyensa na Fatakwal, aka tuno dariyarsa da matan Ibo. Da kansa ya je ya yi gwajin jini, ya sake bayan wata uku, duka biyun suka ce babu. Yana yawo da takardun a aljihu yana nuna wa wanda bai tambaye shi ba, abin tausayi.

Wata ranar Asabar bayan la'asar sai ga Malam Tanimu, mahaifin Rakiya, ya zo daga unguwar Abakpa Nike a kan okada, wato acaɓa, dattijon da ba ya hawa okada sai dole. A lokacin kai Bashir shekararka uku, ke kuma Zulai kina ciki wata biyar. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi shanu, na tambayi ƙafarsa, sannan ya gyara zama.

"Alhaji, na zo in tafi da Rakiya. Ba faɗa, ba tashin hankali. In abin da ake faɗa gaskiya ne, ba zan zuba ido 'yata ta bi shi ba."

Isyaku ya fito da takardunsa ya miƙa da hannu biyu. Malam Tanimu ya juya su sama da ƙasa ya mayar masa.

"Ni ban yi boko ba, ɗana. Takarda kowa na iya samowa a garin nan." Ya juyo gare ni. "Amma kai, Alhaji, an san idonka. Kai ne babba a gidan nan. In ka duba ka ce mini lafiya, na yarda, in koma gida in yi barci."

Da na ce masa a take, "Lafiya lau, Malam, ƙanena ne, na san shi," da yanzu ba na wannan rubutu. Kalma takwas ce kacal. Amma an yabi idona a gaban mutane, sai na ji ba zan ba da shaida a arha ba. Na ce ya ba ni lokaci in bincika. Na ga yadda Isyaku ya dube ni, na kau da kai.

Ranar Litinin na bi shi wajen likitar. Ta karɓe ni da fara'a, tana tsammanin na zo godiya. Da Turancin buroka muka yi magana, inda na kakare Isyaku ya fassara, wato da bakinsa aka yi ta gina ramin da zai faɗa. Na tambaye ta shi wannan gwajin me yake nema a cikin jini. Ta ce ba ƙwayar cutar yake gani ba, yana neman alamar da garkuwar jiki ke bari in ta yi arba da cutar. Na ce to, maganin da take ba shi me yake yi? Ta ce yana kwantar da garkuwar. Na ji wani daɗi ya ratsa ni, irin wanda nake ji in na kama dillali da sirinji a aljihu.

"Ashe ke nan," na ce, "kin kwantar da mai ba da shaida, sannan kin tambaye shi, ya yi shiru, kin rubuta babu."

Ba ta yi fushi ba a lokacin. Ta cire tabarau ta yi mini bayani a hankali. Ta ce tambayar tana da ma'ana, kuma akwai wasu magunguna masu tsananin ƙarfi da ake ba masu wasu cututtukan, waɗanda likita kan yi taka-tsantsan da gwajinsu. Amma abin da Isyaku ke sha bai kai nan ba, yana rage wa garkuwar zafi ne, ba ya kashe ta, kuma gwaji biyu a tsakanin wata uku sun ishe ta. Ta ce in har zuciyata ba ta kwanta ba, akwai wani gwajin da ke neman ƙwayar cutar ita kanta, wanda ba ruwansa da garkuwa ko magani, sai dai a Legas ake yi, a aika jini a jira makonni. A take ta sa aka ɗebi jinin. Ni kuwa duk bayanin nan guda ɗaya na ɗauka, cewa akwai maganin da kan sa a yi shakka. Na ce mata jinin da zai hau mota ya tafi Legas ba na wurin, wa ya san na wa za a dawo da shi? Na ba ta labarin turke, ina murmushi, ina jiran ta yaba. Sai ta mayar da tabaranta ta dube ni.

"Alhaji, your brother no be cow."

Wato ƙanena ba saniya ba ne. Ta ƙara da cewa, kuma ta sa Isyaku ya maimaita mini da Hausa don kada in ce ban ji ba, in aka tsayar da ƙwayoyin nan rana ɗaya gyambon zai dawo fiye da da, kuma jikin da ya saba da su zai iya zubewa gaba ɗaya. Ta ce zai iya mutuwa. Na fito ina ce wa raina ai duk mai allura haka yake cewa.

A zauren gidanmu na yanke hukunci, gaban Malam Tanimu da dattawa biyu na masallaci. Kwana arba'in ba magani, sannan a sake gwaji ina tsaye. Me ya sa arba'in? Ba wani ilimi. Na ga saniya kwana bakwai take yi, mutum kuwa ya fi saniya daraja, sai na ƙara masa. Dattawa suka ce wannan adalci ne. Rakiya za ta koma ɗakin matata Hajiya Dije har a gama. Isyaku yana zaune a ƙasa kansa a sunkuye, yana wasa da tef ɗin awo da ke wuyansa.

"Yaya, ka ji abin da likita ta ce."

"Na ji. In kana da gaskiya me kake tsoro?"

Ya ɗago kai ya dube ni.

"Ba na tsoron gwaji, Yaya. Amma tunda kai ma sai ka gani, to a yi."

Ya tashi ya shiga ɗaki ya kawo ledar maganin ya ajiye a gabana. Wannan "kai ma" ɗin ban ji nauyinta ba sai bayan shekaru. Na kulle ledar a akwatina, tare da takardun gida, na rataya makullin a wuya.

Da allin ɗinki yake ƙirga kwanakin, kullum da safe ya ja layi ɗaya a bangon ɗakinsa. Kwanakin farko bai nuna komai ba sai kasala da jiri, har na fara shirya yadda zan tara mutane in wanke shi, in sha yabo. A mako na biyu zawo ya dawo, sannan jini. Kumatun suka zube. A nan ne ya kamata in farka, amma me idon Mai Turke ya gani? Saniya ta tona kanta. Sai da na tsufa na gane cewa jarrabawar da na shirya masa ba ta da ƙofar fita. In ya sha magani a ce magani ne ya ɓoye cutar, in ya bari ya kwanta a ce ga ta nan ta fito. A kara in saniya ta zube a turke asarar mai ita ce, ni in kaɗe riga in tafi. Ban taɓa tsayawa na tambayi me ke faruwa da saniyar ba.

Ana cikin haka wani ɗan okada ya same ni a kara ya ce likitar Uwani tana nemana, ta aika shago an ce a rufe yake. Na ce na ji. Na san faɗa za ta yi mini, kuma ni ba yaro ba ne da 'yar mata za ta tsare da ido. Ban je ba.

Rana ta ashirin da ɗaya na dawo da azahar na tarar da Rakiya a ƙofar ɗakina. Tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa yi mini magana ba sai gaisuwa. Ta durƙusa da ƙyar saboda cikin.

"Yaya, don girman Allah ka ba shi maganinsa. Ni ce matarsa, ni na yarda da shi. In ma akwai cutar na yafe."

"Ba ke kaɗai ba ce, Rakiya. Akwai abin da ke cikinki, akwai mahaifinki da na yi wa alkawari."

"Yau sau goma sha ɗaya ya zaga. Da rarrafe ya yi na ƙarshen."

Wannan ta taɓa ni, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na buɗe akwati na ɗauki ledar na shiga wajensa. Yana kwance a tabarma, ɗakin yana warin da turare bai iya rufewa ba. Na ce ga shi, ya sha, a bar maganar. Ya dubi ledar, ya dubi bango.

"Saura goma sha tara, Yaya. In na sha yau, gobe a masallaci za a ce na ji tsoron gwaji. Bashir zai tashi da wannan sunan. Mayar da shi."

Da na isa yaya, da na danne shi na ɗura masa, kamar yadda nake yi masa da maɗaci yana yaro. Amma sai na ji sauƙi a raina, na ce ai yanzu shi ya zaɓa. Na mayar da ledar na kulle. Duk abin da na yi a shekarar nan, wannan sauƙin da na ji shi ne ya fi hana ni sukuni.

Layi ashirin da shida ya ja. Da hantsin ranar Hajiya Dije ta ƙwala ihu, muka tarar da shi a bakin makewayi, cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, jikinsa sanyi ƙalau. Muka sa shi a motar wani maƙwabci sai Uwani. Likitar ta taɓa cikin sau ɗaya, ta ɗago.

"Ina maganinsa?"

Ta dubi makullin da ke wuyana kamar ta san abin da yake buɗewa. Aka shiga da shi tiyata, aka ce hanjin ya huje. Ya farfaɗo washegari da safe na ɗan lokaci, na sunkuya kusa da bakinsa.

"Yaya, kwana nawa ya rage?"

"Sun cika, Isyaku. Sun cika."

"To a ɗebi jinin."

Kafin azahar ya cika. Ƙaryar nan ita ce kyauta ta ƙarshe da na yi masa, kuma ita kaɗai ce a cikin ƙaryata da ba na nadama.

Muna jiran a ba mu gawa likitar ta kira ni ofis ta ajiye takarda biyu a tebur. Ta farko daga Legas, ta zo tun ranar da ta aiko ɗan okada: babu ƙwayar cutar a jininsa. Ta biyu ta jinin da suka ɗiba jiya kafin tiyata, bayan kwana ashirin da shida ba magani, irin gwajin da na nema: babu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ga abin da na ɗaure shi don in gani, in ɗauka in tafi. Na ninke su na sa a aljihun gaba.

Suna cikin aljihun nan lokacin da masu wankan gawa suka tsaya a ƙofa suna tambayar ko akwai safar hannu. Na ce su bari, ni da hannuna na wanke shi, mutane suka yi ta cewa Alhaji akwai zumunci. Suna cikin aljihun a maƙabarta. Bayan mun dawo an zauna karɓar gaisuwa, zaure cike har waje, Malam Tanimu ya matso ya yi mini ta'aziyya, sannan ya yi tambayar da kowa ya zo ji.

"Alhaji, asibiti sun ce wani abu?"

Hannuna yana kan ƙirjina, ina jin takardar ta cikin riga. In na fito da ita, kowa a wurin zai san Mai Turke ya kashe ƙanensa a kan banza, ya yi wa mutum awon dabba. Na dubi dattawan da suka ce hukuncina adalci ne. Na buɗe baki.

"Malam, wanda Allah Ya rufa wa asiri, mu ma mu rufa masa."

Aka yi ta gyaɗa kai. Wani ya ce Allahu akbar. Ban yi ƙarya da harafi ɗaya ba, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai wannan ba. A ranar na binne Isyaku sau biyu.

Sauran kun gan shi da idonku, sai dai ba ku san tushensa ba. Ranar sunanki, Zulai, shinkafa ta kwana a tukunya don mata sun zo sun yi barka sun ce suna azumi. Rakiya ta gama takaba ba wanda ya tako neman aurenta, tana da shekara ashirin da bakwai. Ta gwada sayar da waina a ƙofar gida, Ibo suka saya, namu suka wuce. Malam Tanimu bai ƙara maganar tafiya da ita ba. Ta zauna a gidana shekara goma sha tara ko ciwon kai ba ta cika yi ba, aka ce ai a jikin wasu cutar takan daɗe ba ta nuna ba. Kai Bashir, ranar da ka dawo daga makarantar allo da leɓe a fashe ka ƙi faɗin dalilin faɗan, na san dalilin. Ke Zulai, yaron nan na Fatakwal da iyayensa suka kawo gaisuwa sannan suka yi shiru, na ce miki ba rabo. Na ciyar da ku, na tufatar da ku, na kai ku makaranta, aka yi ta ba da misali da ni a unguwa. Duk shekara ina cewa bana zan faɗa, duk shekara faɗar tana ƙara tsada.

Hawan jini ne ya kwantar da Rakiya. Kwana biyu kafin ta rasu na shiga duba ta da yamma, ta ce wa Hajiya Dije ta ba mu wuri. Bakinta ya ɗan karkace, amma na ji kowace kalma.

"Yaya, takardar tana nan?"

Na ce wace takarda.

"Ta Legas. Likita ta sa wata nas mai jin Hausa ta gaya mini tun ranar, kafin a fito da shi."

Na zauna a ƙasa. Na ce shekara goma sha tara, Rakiya, me ya hana ki magana?

"Wa zai yarda da ni? Matar mai cutar ce. Kai aka ce an yarda da idonka." Ta huta. "Kuma a gidanka 'ya'yana ke ci. Na ce wata rana za ka faɗa da kanka. Kullum in na kawo maka abinci, bakinka nake kallo."

Na nemi gafararta. Ta rufe ido, ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ko bayan wannan sai da na ƙara shekaru ina riƙe da makullin, don tsoron fuskokinku ya maye gurbin tsoron unguwa.

Takardun biyu suna cikin ambulan a bayan littafin nan, tawadar ta koɗe amma ana karantawa. Ledar maganin ma tana cikin akwati, ban iya zubarwa ba. Ba na rubuta wannan don ku yafe mini ba, kuma in kun daina ce mini Baba ba zan ce kun yi laifi ba. Ina so ku sani mahaifinku ya ƙi shan maganin da zai raya shi ne don kada sunan nan ya bi ku, ni kuma na bar shi ya bi ku.

Juma'ar da ta wuce na ce a kai ni masallacin Ogui. Bayan an sallame na roƙi liman minti biyu, na dogara sanda na miƙe, na ɗaga takardun sama. Na ce jama'a, ƙanena Isyaku tela bai mutu da ƙanjamau ba, ni na hana shi magani, ga shaida. Na tsaya ina jiran a zage ni, wallahi da zagin ya yi mini daɗi. Na bi sahu da ido ina neman Malam Tanimu, ina neman dattawan zaure, ina neman masu safar hannu, ina neman ko mutum ɗaya da ya taɓa janye kafaɗarsa daga ta Isyaku. Duk suna maƙabarta. Masallacin cike yake da samari 'yan ci-rani, masu tura baro da masu okada, waɗanda ba a haifa ba lokacin da aka rufe shagon. Wani a sahun gaba ya juya ya tambayi na kusa da shi wane ne Isyaku. Liman ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah Ya jiƙansa, Baba, zauna ka huta." Aka ce amin, mutane suka tashi neman takalmansu.